BABI NA BIYU: TARIHIN SHIGOWAR WUTAR SOLA DA BATIR CIKIN GIDAJEN ƘASAR HAUSA

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a bi diddigin wutar lantarkin da ake samu daga hasken rana, wadda jama'a suka fi sani da suna sola, tun daga asalinta har zuwa lokacin da ta hau rufin gidajen mutane a Arewacin Nijeriya da Kudancin Jamhuriyar Nijar. Wutar sola ta gida abubuwa biyu ne manya suka haɗa ta. Na farko shi ne farantin da ake kafawa a kan rufi, wanda yake mayar da hasken rana ya zama lantarki. Na biyu kuwa shi ne batir, watau rumbun da ake tara wutar a cikinsa. Faranti ba ya aiki sai da rana, alhali kuwa buƙatar magidanci ta fi yawa daga magariba zuwa asuba, lokacin da ake son haske da fanka da ruwan sanyi. Saboda haka, duk da cewa faranti shi ne abin da ido yake fara gani, za a lura a cikin babin cewa batir ne ya riƙa yanke hukuncin wanda zai sami wutar da wanda zai rasa, a kowane mataki na wannan tarihi.

2.1 Asalin Faranti da Batir

Batir ya girmi faranti da kusan shekara ɗari. A shekara ta 1859 ne wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro batirin dalma da ruwan asid wanda ake iya yi wa caji a sake amfani da shi, kuma shi ne kakan batirin mota da aka sani a yau. Ta fuskar hasken rana kuwa, tun a 1839 Edmond Becquerel ya gano cewa haske yana iya haifar da lantarki, sai dai abin ya tsaya a ɗakin gwaje-gwaje. Sai a 1954 masana uku na ɗakin binciken kamfanin Bell a Amurka, watau Chapin da Fuller da Pearson, suka fito da faranti na silikon wanda yake mayar da kimanin kashi 6 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa zuwa lantarki. Kamfanin ya raɗa wa abin suna batirin rana, ko da yake ba ya ajiye komai. Da aka kai shi gwajin farko a karkara a 1955, a garin Americus na Jihar Jojiya, domin ya ba layin tarho wuta, sai da aka haɗa shi da batir na gaske don aikin dare.

Tsadar farantin ta hana shi shiga gidaje. Masu harba tauraron ɗan'adam ne kawai suka iya saye, kamar yadda aka yi wa tauraron Vanguard 1 a 1958, wanda rediyonsa mai aiki da hasken rana ya ci gaba da aiko saƙo har 1964. Rikicin man fetur na 1973 shi ya sa gwamnatoci da kamfanonin mai suka zuba kuɗi a binciken, amma duk da haka a 1977 wat ɗaya na faranti yana kai kimanin dala 76.

2.2 Gwaje-gwajen Farko a Nijar da Sakkwato

Abin da ba a cika ambata ba shi ne, Jamhuriyar Nijar tana cikin ƙasashen Afirka na farko da suka ɗauki hasken rana da muhimmanci. A 1965 aka kafa ofishin binciken makamashin rana mai suna ONERSOL a Yamai, kuma daga 1969 zuwa 1985 Farfesa Abdou Moumouni Dioffo ne ya shugabance shi. Wannan masanin kimiyya, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, shi ne aka sanya wa Jami'ar Yamai sunansa bayan rasuwarsa a 1991. Aikinsa ya fi karkata ga amfani da zafin rana, kamar murhun girki da tukunyar ɗumama ruwa da injin jawo ruwa, domin a wancan zamani waɗannan ne ake iya ƙerawa a gida da kayan da ke hannu. Ta ɓangaren faranti kuwa, a 1968 aka kafa shi a wata makarantar firamare kusa da Yamai don ya kunna akwatin talabijin na shirin koyar da yara, daga baya aka faɗaɗa zuwa wasu makarantun karkara.

A Nijeriya an kafa Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato a farkon shekarun 1980 a jami'ar da ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a yau. Daga cikin ayyukanta da aka fi ambata akwai ba ƙauyen Kwalkwalawa wuta da farantai masu ƙarfin kilowat 7.2. Haka kuma a farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, gwamnatin Jihar Jigawa ta haɗa hannu da wata ƙungiyar Amurka mai suna SELF aka sanya sola a ƙauyuka uku, don rijiyoyin burtsatse da ɗakunan shan magani da makarantu da masallatai da wasu gidaje.

Idan aka dubi waɗannan ayyuka za a ga cewa dukkansu hukuma ce ko masu ba da agaji suka kawo su. Babu magidancin da ya ɗauki kuɗinsa ya je kasuwa ya saya. Wannan salo yana da wata illa da ta daɗe tana bin ayyukan sola na gwamnati, musamman fitilun kan titi da aka yi ta kafawa a garuruwa daga baya: ana ware kuɗin kafawa, ba a ware kuɗin canza batir. Bayan shekara biyu ko uku sai a iske faranti lafiya lau a saman turke, fitila kuwa ta mutu, ko kuma an fasa akwatin an sace batirin. Wannan ne ya sa mutane da yawa suka daɗe suna ganin sola abu ne marar ƙarko.

2.3 Yadda Batir Ya Riga Faranti Shiga Gida

Ba za a fahimci dalilin da ya sa magidanta suka koma ga sola ba sai an dubi tarihin wutar gwamnati. An fara samar da lantarki a Ikko a 1896. A zamanin Turawan mulkin mallaka, En'e ce take tafiyar da wutar wasu birane kamar Kano da Katsina, kafin hukumar ECN da aka kafa a 1950 ta karɓe su. An kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, sa'an nan a 1972 aka haɗe ECN da hukumar madatsun Kogin Kwara aka samar da NEPA, sunan da har yau shi ne a bakin jama'a, duk da cewa hukumar ta koma PHCN a 2005, kuma an sayar da kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa a watan Nuwamba na 2013. A 1976 aka ja layi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, wanda ya sa Nijar ta dogara ga wutar Nijeriya. Bayan Kainji an ƙara madatsar Jebba da ta Shiroro da tashoshin iskar gas a Kudu, amma yawan jama'a ya tsere wa wutar. Shekaru da dama abin da babban layin ƙasa yake rabawa bai cika wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200. A 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 85 ba su da wutar layi kwata-kwata.

Mutane ba su zauna jiran hukuma ba. A ƙauye, bayan aci-bal-bal da fitilar ƙwai da tocila, sai aka shiga amfani da batirin mota wajen kunna rediyo mai kaset da ƙaramin talabijin baƙi da fari. Idan ya yi sanyi sai a ɗaura shi a bayan keke ko babur a kai gari wurin mai caji, a biya, a dawo da shi bayan kwana ɗaya ko biyu. Wannan shi ne ainihin farkon ajiyar lantarki a gidan Bahaushe. Zuwan wayar salula a 2001 ya ƙara wa abin ƙarfi, domin daga nan ko wanda bai damu da talabijin ba ya zama yana buƙatar wuta kullum, har sana'ar cajin waya ta kafu a kowace kasuwa da tasha.

A birni kuwa janareta ne ya yi sarauta, daga babba mai shan gas zuwa ƙarami mai shan fetur da ake gauraya wa baƙin mai. Janareta yana da ƙara da hayaƙi, kuma ba sau ɗaya ba an wayi gari da labarin iyalin da hayaƙinsa ya halaka a cikin ɗaki. Don haka a shekarun 2000 masu hali suka fara sayen inbata, watau na'urar da take cika batura idan an kawo wuta, ta kuma mayar da abin da ta tara zuwa irin wutar da kayan gida suke amfani da ita idan an ɗauke. A wannan mataki babu faranti ko ɗaya a lissafin. Inbata ta dogara ne ga wutar NEPA, kuma tana aiki matuƙar ana kawo wutar na wasu sa'o'i a kowace rana. Da aka kai lokacin da unguwa takan yi kwana biyu ko uku ba ta ga wuta ba, sai baturan suka riƙa zama babu caji, wanda kuma shi ne abin da ya fi saurin kashe batirin dalma. A nan ne aka nemo faranti don ya ciyar da batirin da ya riga ya shekara a gida.

Wannan tsari ya sha bamban da na Turai. A Jamus, dokar makamashi ta shekarar 2000 ta tilasta wa kamfanonin wuta su sayi duk abin da farantin magidanci ya samar, a kan farashi tsayayye na shekara 20. Ke nan Bajamushe yana tura wutarsa cikin layi da rana, ya jawo ta layi da dare, babban layin ƙasa ya zama shi ne rumbunsa, bai buƙaci batir ba sai daga baya. Bakano ko Bakatsine ba shi da wannan gata, domin layin da zai jingina da shi shi ne abin da yake gudu. Dole ya sayi rumbunsa da kuɗinsa.

2.4 Faɗuwar Farashi

Dokar Jamus da aka ambata ta buɗe babbar kasuwa, kamfanonin ƙasar Sin kuma suka shiga ƙera farantai da yawan da ba a taɓa gani ba, har ta kai fiye da kashi 80 cikin ɗari na farantan duniya a can ake yin su. Wat ɗin da ake saye dala 76 a 1977, a 2024 bai kai santi 15 ba a bakin masana'anta.

Akwai wani canji da ya yi tasiri ƙwarai wanda ba a faye danganta shi da sola ba, watau ƙwan lantarki na LED. Hasken da tsohon ƙwai mai wat 60 yake bayarwa, sabon yana ba da shi da wat 8 ko 9. Ma'anarsa ita ce batirin da a da zai riƙe ƙwai ɗaya, yanzu zai riƙe shida ko bakwai. Da wannan ne ƙananan fitilun sola masu wurin cajin waya suka cika kasuwannin ƙauye, suka kori fitilar kananzir daga ɗakuna da teburan masu shayi da masu tsire ba tare da wani shirin gwamnati ba.

Saura matsalar biyan kuɗi a dunƙule. A ƙasar Kenya, inda ake tura kuɗi ta waya tun 2007, kamfanin M-KOPA ya fara ba da kayan sola bashi a farkon shekarun 2010, ana biya kaɗan-kaɗan, idan an daina biya na'urar ta kulle kanta. A Nijeriya kamfanin Lumos ya kawo irin wannan tsari tare da MTN a wajajen 2016, inda ake biya da katin waya. Gwamnatin Tarayya ma, ta hannun Hukumar Samar da Wutar Karkara, ta sanya sola a Kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2018, da tasha mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero a 2019, sa'an nan a watan Afrilu na 2021 Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya ƙaddamar da shirin Solar Power Naija a Jangefe ta Ƙaramar Hukumar Roni a Jihar Jigawa, da burin kai wuta gidaje miliyan 5.

2.5 Batir da Yanayin Ƙasar Hausa

Ta fuskar hasken rana ƙasar Hausa ba ta da abin kuka. Daga Sakkwato zuwa Damagaram, kowace murabba'in mita tana samun kimanin kilowat 6 na awa a rana, watau kusan ninki biyu na abin da Jamus take samu. Ƙurar hunturu takan rage aikin faranti, amma ruwa da tsumma suna maganinta, kuma masu ƙera shi sukan ba da tabbacin shekara 25.

Batirin dalma kuwa labarinsa daban ne, kuma yana da kyau a yi ɗan lissafi a nan. Batirin da aka fi saye don gida shi ne mai bolt 12 da amfiya 200, wanda yake ɗaukar wat 2,400 na awa. Ƙa'idarsa ita ce kada a zuƙe fiye da rabinsa, in ba haka ba ya lalace da wuri, saboda haka abin da magidanci yake da shi a zahiri wat 1,200 ne. Fankar sama tana cin kimanin wat 70. Idan aka kunna biyu na tsawon awa 8, sun cinye 1,120, tun ba a sa ƙwai ko talabijin ba, ba a kuma cire abin da inbata kanta take ci ba. Gidan da yake son firji da injin jawo ruwa sai ya tanadi batura huɗu ko takwas. Bugu da ƙari, an auna ƙarfin waɗannan batura ne a kan zafin digiri 25, kuma duk ƙarin kimanin digiri 10 yana rage rabin kwanansu. A watannin Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40 a Sakkwato da Maraɗi da Nguru. Ke nan lokacin bazara, da aka fi matsa wa batir da fanka dare da rana, shi ne kuma lokacin da zafi yake cinsa. Ga kuma jabun kaya da tsofaffin batura da ake yi wa fenti a sayar a matsayin sababbi, da masu haɗawa waɗanda ba su koyi aikin ba. Shi ya sa magidanci yakan canza batura sau da yawa a ƙarƙashin faranti guda, har kuɗinsu ya ninka na farantin.

Mataccen batir ba ya zama shara, domin 'yan gwangwan suna sayensa saboda dalmar da ke ciki. Sai dai yadda ake fasa shi a zubar da ruwan a ƙasa, a narka dalmar ba tare da kariya ba, haɗari ne babba. Mutanen Arewa sun san abin da dalma take yi wa yara tun annobar Zamfara ta 2010, inda fiye da yara 400 suka rasu, ko da yake waccan daga duwatsun zinariya ta fito.

Batirin litiyom shi ne ya fara sauya wannan lissafi. Kamfanin Sony ya fara sayar da shi a 1991 don ƙananan na'urori, kuma a 2019 aka ba Goodenough da Whittingham da Yoshino kyautar Nobel a kan ƙirƙiro shi. Motoci masu aiki da lantarki ne suka karya farashinsa, daga sama da dala 1,000 a kan kilowat ɗaya na awa a 2010 zuwa kimanin dala 115 a 2024. A 2015 kamfanin Tesla ya fito da Powerwall, batirin gida da ake maƙalawa a bango, kamfanonin Sin kuma suka biyo da nasu masu rahusa, waɗanda su ne suka iso kasuwannin Kano da Kaduna. Irin wanda ake sa wa a gida ana iya zuƙe kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari nasa, yana jure caji sau dubbai, ba a kuma ƙara masa ruwa. Idan aka raba kuɗinsa a kan shekarun da zai yi, ya fi na dalma sauƙi. Amma ana biyan kuɗin ne gaba ɗaya a rana guda, don haka mai ƙaramin ƙarfi yakan koma ga na dalma, ya biya kaɗan yau, ya sake biya bayan shekara biyu.

2.6 Daga 2023 Zuwa 2025

Abubuwan da suka faru cikin waɗannan shekaru sun tura mutane ga sola fiye da duk wani shirin wayar da kai. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta kuma wuce 1,000 a ƙarshen 2024, abin da ya sa ƙananan janareta da yawa suka koma lungu. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A daga kimanin naira 68 zuwa 225 a kan kowane kilowat na awa. A watan Oktoba na wannan shekara kuma, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sai layin da ya biyo ta Makurɗi zuwa Jos shi ma ya faɗi, yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Masu sayar da ƙanƙara da masu walda da teloli da asibitoci duk sun ji a jikinsu.

A Nijar, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, Nijeriya ta yanke wutar da take ba ƙasar, wadda ta kai kimanin kashi 70 cikin ɗari na abin da take amfani da shi, ba a kuma mayar ba sai a watan Maris na 2024. A tsakanin nan ne aka fara aiki da tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 kusa da Yamai, kasuwar farantai da batura kuma ta buɗe a birane.

Alƙaluman cibiyar Ember sun nuna cewa a cikin watanni 12 da suka ƙare a Yunin 2025, Nijeriya ta shigo da farantai daga Sin masu ƙarfin sama da megawat 1,700, babu wadda ta fi ta a Afirka sai Afirka ta Kudu. Wannan adadi ya kai kusan sulusin abin da babban layin ƙasa yake rabawa, ko da yake faranti ba ya aiki sai da rana. Amma fa an yi wannan saye ne a daidai lokacin da dala ta tashi daga kimanin naira 460 a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024, saboda haka rahusar da aka samu a kasuwar duniya ba ta iso aljihun mai albashin naira yadda ya kamata ba, musamman ta wajen batir. Abin da ya biyo baya shi ne gidaje suka kasu kashi uku: masu litiyom da ba su san an ɗauke wuta ba, masu batirin dalma ɗaya ko biyu da fankarsu take tsayawa kafin asuba, da masu ƙaramar fitila da wurin cajin waya. Waɗanda suke barin layin gwamnati kuwa su ne masu iya biyan kuɗin wuta da yawa, watau manyan gidaje da masana'antu da ma'aikatu, waɗanda da kuɗinsu ne kamfanonin rarrabawa suke gyara taransifoma da jan waya zuwa unguwannin talakawa. A kasafin kuɗin 2025 ita kanta fadar shugaban ƙasa da ke Abuja an ware mata naira biliyan 10 don ta kafa tata tashar sola.